Nuhu Mai Fenti da Raƙumin Cikin Buta

Duk wanda ya zauna Damagaram a shekarun da Faransawa ke shirin naɗe tabarmarsu ya san hannun Nuhu ɗan Yohanna, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ya zana ƙudan nan na bangon ɗakin shan magani na mishan, wanda ya kai girman ɗan akuya, da rubutu a ƙasa cewa ƙuda abokin gaba ne. Mutanen Dirum da Gaffati sukan zo su tsaya su ƙare masa kallo, su gode wa Allah da ƙudan garinsu bai kai haka ba, su koma gida hankali kwance.

Nuhu dogo ne siriri, kullum da fensir a bayan kunne da wata hular Faransawa mai kama da faifai da ya samu hannun wani tsohon soja. Iyayensa Kirista ne, ubansa yana wankin gyambo a ɗakin maganin. Ya ɗan taɓa lakwal, makarantar boko ta Faransawa, aka kore shi saboda ya zana malaminsu, wanda suke kira mushe, da kunnuwan jaki. Daga nan ya kama fenti. Yana rubuta wa masu kamyo kirari a goshin mota, yana zana wa wanzamai kawunan mutane a allo, yana yi wa masu kanti suna. Sana'a ce mai ci da mutum, amma shi bai yarda a ce masa mai fenti ba. Ya ce sunan aikinsa da Faransanci ya fi haka tsawo, sai dai mutanen gari ba za su iya faɗa ba.

Abin da ya fi tsana a duniya tatsuniya ne. Uwarsa Esta gwana ce, har 'ya'yan maƙwabta Musulmi ke zuwa saurare, amma Nuhu tun yana ƙarami yake ɓata mata zance. Ya ce duk tatsuniya ɗaya ce, riga kawai ake sake mata. Kullum 'yan'uwa uku ne, manyan biyu wawaye, auta ne mai sa'a. Kullum akwai tsohuwa a bakin rafi mai son a cuɗa mata baya. Kullum sarki yana da 'ya da rabin gari da yake neman wanda zai kwasa. A ƙarshe kuma a ɗora maka darasi a ka kamar dami.

Mutane sun ɗauka zurfin tunani ne. Matarsa Laraba ce kaɗai ta san tushen abin. Su uku ne wurin Yohanna, Nuhu ne ɗan fari, autansu Yusufu kuwa ya gama lakwal ya samu aiki a gidan waya, yana hawa keke, yana sa takalmi sau ciki.

Da Nuhu ya ba shekara talatin baya, sai ya yi niyyar rama wa dukan 'ya'yan fari na duniya. Ya sayi takarda da tawada, ya bar allunan mutane suna jiransa, ya shiga zana littafi. Ya sa masa suna Garin Ba Dalili.

A shafin farko auta ya ɗauki guzuri ya fita neman arziki, ya faɗa rami a ƙofar gari, littafin bai sake ambatonsa ba. Babban wa ya kwanta barci, kuka ta tsiro masa a kunne, ya rayu da sayar da miyarta. Wata yarinya ta gamu da tsohuwa a rafi, ta ce a cuɗa mata baya. Yarinya ta cuɗa, ta cuɗa, bayan bai ƙare ba, har ta tarar da kasuwa tana ci a tsakanin kafaɗun tsohuwar, ta zauna nan tana tuyar ƙosai. Sarki ya yi shela duk wanda ya kashe dodo ya ɗauki rabin gari. Tari ya kashe dodon. Aka kawo zarto aka raba gari biyu, aka ɗora rabi a kan jaki za a kai wa tarin, jaki ya ɓata a hanya. Rijiyoyin garin duk a sama suke rataye, baki ƙasa, sai an hau tsani ake jan ruwa, ruwan kuma ba ya zuba sai a kan wanda bai nema ba. Akwai raƙumi zaune cikin butar shayi, wuyansa ya fito ta hancin butar yana kallon hanya. Akwai giwa mai ƙafafun kaza, tana kwanci a kan ƙwai, ƙwan suna ƙyanƙyashe takalma. A shafin ƙarshe, inda ya kamata darasi ya zauna, sai wani bunsuru da tabarau yana cewa, "Ni ma ban sani ba."

Gaskiya zanen ya yi kyau. Nuhu yana da hannu, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Ya kira Laraba daga wurin daka ya nuna mata shafi shafi. Ta duba har ƙarshe tana goge hannu a zane.

"Baban Rut, to wa ya ci?"

"Ba wanda ya ci."

"Wa aka hukunta?"

"Ba kowa. Abin da ya sa ya fi na Inna ke nan."

"Yarinyar fa, ta auri ɗan sarki?"

"Tana tuyar ƙosai, na ce miki."

Laraba ta ce, "To Allah ya ba ta kasuwa," ta koma kan turminta.

Wanda ya yarda da littafin Malam Ari Gana ne, wani ɗan asalin Barno mai fataucin gyaɗa da fata tsakanin Damagaram da Kano. Ari ba ya karatun boko. Ya ga hotuna masu ban dariya, ya tuna yadda mutane ke rububin kalanda su liƙa a ɗaki, ya ce zai kai wa wani mai ɗab'i a Kano. Ya tafi da kaka, ya dawo da ɗaurin littattafai a ƙarƙashin buhunan goro.

Nuhu ya buɗe ɗaya. Mai ɗab'in ya hargitsa shafukan. An raba gari kafin dodo ya mutu, kuka ta tsiro a kunnen babban wa kafin ya kwanta, shafin rijiyoyi kuwa an juya shi, rijiyoyin sun koma ƙasa kamar na kowa.

"Malam Ari, an kashe ni! An ɓata mini tsari!"

Ari ya jujjuya littafin. "Malam Nuhu, da ma akwai tsari?"

"Shirme ma da tsarinsa! Ba kowane mahaukaci ke iya shi ba!"

Ya bi 'yan tsirarun da suka saya gida gida yana yi musu bayanin yadda shafukan ya kamata su bi juna. Ba wanda ya lura da wani bambanci. Wani tela ma ya ce shafin rijiyoyin ne ya fi so, don shi kaɗai ne ya gane. Sauran littattafan suka zauna a shagon Ari, mata masu ƙuli-ƙuli suna saye ɗai-ɗai su yi ƙunshi, don takardar tana da kauri.

Da nan abin ya tsaya, da Nuhu ya tsufa yana zagin mai ɗab'in Kano cikin kwanciyar hankali. Sai shekarar hamsin da takwas ta zo, aka ce za a yi ƙuri'ar Wi da No: ko a zauna tare da Faransa, ko a rabu nan take. Gari ya rabu biyu ba tare da zarto ba. Masu cewa No alamar jam'iyyarsu raƙumi, masu cewa Wi a cikinsu akwai masu giwa.

Wata safiya a teburin mai shayi na unguwar Zango wani ya warware ƙuli-ƙulinsa, ya tsaya yana kallon takardar. Ya miƙa wa na kusa da shi. Kafin azahar labari ya kai Birni. 'Yan raƙumi suka ce ai ga magana a fili: butar nan mulkin Nasara ce, an cusa talaka a ciki, ga shi kai ya riga ya fito, saura gangar jiki. 'Yan giwa suka nemi littafin don su ga ƙaryar, suka ci karo da giwarsu a kan ƙafafun kaza. Cikin mako shagon Ari ya zama kamar gidan biki, ya daina sayar wa mata masu ƙuli-ƙuli.

Da farko Nuhu ya yi ta rantsuwa cewa ya zana raƙumin tun kafin ya san akwai ƙuri'a. Ba wanda ya saurare shi, sai murmushi ake yi masa ana ƙifta ido. To amma ya lura da wasu abubuwa. In ya zo wucewa ana tashi a ba shi benci. Mahauci yana ƙara masa tsoka. Wani maroƙi ya bi shi tun daga kasuwa har ƙofar gida yana kiransa zakin alƙalami. Autansu Yusufu, da kekensa da takalminsa, ba a taɓa yi masa kirari ba.

Sai rantsuwar ta fara raguwa. In an tambaye shi ma'anar bunsuru, sai ya gyara hula ya ce, "Mai hankali ba a yi masa dogon bayani." Bayan kwana kaɗan ya fara yin dogon bayanin da kansa. Jakin da ya ɓata da rabin gari, ya ce, haraji ne. Takalman da ke fitowa daga ƙwai alkawuran 'yan siyasa ne. Har bayan tsohuwa ya samar wa fassara, ya ce hanyar Yamai ce, ana ta tafiya ba a isa. Ya ɗinka sabuwar riga.

Laraba ta ce, "Baban Rut, ba kai ka ce mini ba shi da ma'ana ba?"

"Lokacin ban gama fahimtarsa ba."

"Kai ka zana fa."

"Ke dai ba ki san yadda ilimi yake ba."

A biro, wato ofishin kumandan mai mulkin gari, akwai wani tafinta, Alkasum, mutum mai laushin murya da tsabtar farce, wanda ya daɗe yana cin abinci daga tazarar da ke tsakanin bakin Bature da kunnen baƙar fata. Shi ya ɗauki littafin ya ajiye a teburin kumandan. Washegari gardi biyu, 'yan sandan kumandan, suka zo suka tafi da Nuhu da fenti a hannunsa.

Kumandan ɗin wani jan Bature ne mai ɗan tsinin gemu da tabarau. Abin mamaki, dariya yake yi lokacin da aka shigo da Nuhu. Yana buɗa shafuka yana bugun tebur, har ya ce zai aika wa 'ya'yansa ɗaya a Faransa. Nuhu yana jin Faransanci daidai gwargwado, amma ganin bindigar gardi ya sa duk ya gudu ya bar shi, dole ya dogara da Alkasum.

Kumandan ya kai shafin ƙarshe. Dariyar ta tsaya. Ya dubi bunsuru, ya shafa gemunsa, ya cire tabarau ya duba su, ya mayar. Ya yi magana a taƙaice.

Alkasum ya ce, "Malam Nuhu, mushe kumandan yana tambaya, wannan shi ne?"

"Wane ni! Ka gaya masa bunsuru ne. Bunsuru kawai, irin na kasuwa."

Alkasum ya juya ya yi Faransanci mai tsawo, da sunkuyar da kai da nuna alhini. Daga baya wani gardi ya gaya wa Laraba abin da Alkasum ya ce: wai mai zanen yana roƙon mushe kumandan ya duba da kyau, zai gane da kansa.

Aka kai Nuhu gidan kaso. Da yake mai fenti ne, aka ba shi bokitin farar ƙasa ya shafe ɗakunan duka. Bai daɗe ba, don kumandan yana da manyan damuwoyi a lokacin, aka sake shi. A bakin ƙofa ya tarar da 'yan raƙumi da kalangu. Suka ɗaga shi sama suka zaga da shi kasuwa. Mutumin da ya shiga yana kuka yana kiran bunsuru irin na kasuwa, ya fito yana ba da labarin yadda ya dubi Bature ido cikin ido. Kowane mako labarin yana ƙara tsawo. Har ya kai inda kumandan ya miƙe tsaye ya sara masa.

Aka jefa ƙuri'a, Wi ta ci. Ba a jima ba mulkin gida ya koma hannun masu giwa, aka hana jam'iyyar raƙumi, 'ya'yanta wasu suka tsallaka iyaka, wasu suka shiga kaso, da yawa kuma suka wayi gari sun tuna cewa tun asali su giwa suke so. Benci ya daina tashi wa Nuhu. Mahauci ya koma ba shi ƙashi. Malam Ari ya kwashe ragowar littattafan ya kai Kano ya sayar wa yara, duk wanda ya tambaye shi kuma ya ce shi jahili ne, kalanda ya zaci yana sayarwa.

Nuhu ma bai zauna ba. Ya sake nazarin aikinsa, ya gano cewa an yi masa mummunar fahimta. Raƙumi a cikin buta, ai dafa shi ake yi. Ƙafafun kaza kuwa alamar tawali'u ce, giwa ce da ba ta taka talaka. Ƙwai arzikin ƙasa ne, takalma kuma ci gaba. Ya riƙa faɗin haka da ƙarfi a duk inda ya ga mai alamar giwa a ƙirji.

Da aka sa ranar samun 'yancin kai a shekarar sittin, ya ji ana neman wanda zai zana tutoci da allunan biki. Ya sa sabuwar rigar ya tafi biro. A kujerar da ke kusa da ta kumandan ta da, sai ga Alkasum cikin farar babbar riga, da 'yar giwa ta ƙarfe a ƙirji.

"Malam Nuhu! Zakin alƙalami! Ai da ma muna nemanka."

Ba aikin tuta ba ne. An kafa kwamiti na mutum huɗu don binciken littafin. Wannan karo da Hausa aka yi tambayoyin, ba tafinta, saboda haka ba wanda Nuhu zai ɗora wa laifi. Suka kawo shaidu da suka ji shi a teburin mai shayi yana cewa buta mulkin zalunci ce. Suka kawo waɗanda suka ji shi yana cewa dafa raƙumin ake yi. Wani dattijo a kwamitin ya tambaye shi, in dafa shi ake yi, me ya sa raƙumin ke murmushi, ina kuma wutar?

Nuhu ya duba hagu ya duba dama, ya ga ƙarya ta ƙare masa, sai ya koma ga gaskiya.

"Ranku ya daɗe, wallahi ba shi da ma'ana. Na sa raƙumi a buta ne don wuyansa ya yi daidai da hancinta. Giwa kuma ban iya zana ƙafarta ba, ta kaza na iya. Haushin ƙanena ne ya sa na yi littafin."

Alkasum ya girgiza kai cikin tausayi.

"Malam Nuhu, mutum huɗu manya sun bar aikin ƙasa sun zauna a kan littafin nan. Yanzu kana nufin a kan banza suka zauna?"

Aka mayar da shi kaso, inda farar ƙasar da ya shafa ba ta gama dushewa ba. Bikin 'yanci daga can ya ji shi, ganguna da harbin bindiga. Nasara ya tsare shi kwanaki, 'yan'uwansa suka tsare shi watanni, kuma wannan karo ba mai kalangu a ƙofa. Laraba ce ke kai masa tuwo, Yusufu na gidan waya kuma shi ya yi ta zirga-zirga a kan kekensa yana roƙon manya, abin da ya fi zaman kason ƙona wa Nuhu rai.

A ƙarshe Alkasum ya zo da sharaɗi. Ƙasa sabuwa tana bukatar littattafai masu tarbiyya. In Nuhu zai gyara nasa, a sake shi. Ya gyara. Aka fito da auta daga rami, don ƙasar ita ce autar ƙasashe. Ya cuɗa wa tsohuwa baya, ta sa masa albarka. Ya kashe dodo, dodon da hular Nasara. Giwa ta samu ƙafafunta huɗu masu kauri, waɗanda Nuhu ya sha wuya kafin ya iya. Raƙumi aka cire, butar aka bari, an zuba mata shayi. A shafin ƙarshe aka rubuta darasi layi bakwai, Alkasum ne ya faɗa, Nuhu ya rubuta. An raba littafin a wasu lakwal na jihar, malamai suka yaba, sun ce ba abin da ke kwantar da aji kamarsa bayan azahar.

Da ya fito bai sake jin daɗin Damagaram ba. Laraba tana da dangi a Gidimuni masu lambu a bakin tafki, suka tattara suka koma can. Ya koyi noman albasa da rake, bai iya sosai ba, Laraba ce ta iya. Hular faifan ta zama abin tsorata tsuntsaye.

Fenti bai bar shi ba gaba ɗaya. Masu shago da masu kifi sukan zo ya yi musu allo. Sai dai ya kafa doka: kafin ya tsoma buroshi, mai allo ya kawo shaidu biyu, ya faɗi a gabansu abin da yake so a zana da abin da yake nufi da shi. In ya gama kuma sai ya rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe. Shekaru da yawa akwai wani allo a kasuwar garin mai hoton tarwaɗa, a ƙarƙashinta an rubuta, "Wannan kifi ne. Kifi kawai."

Ya tsufa a can, ya yi jikoki ta wajen 'yarsa Rut. Wata shekara wani saurayi mai tabarau ya zo daga Yamai yana tattara tarihin waɗanda suka yi gwagwarmaya da alƙalami. Aka nuna masa lambun. Ya tarar da tsoho yana ban ruwa, ya gaishe shi da ladabi, ya tambaya ko shi ne Nuhu ɗan Yohanna mai Garin Ba Dalili.

Nuhu ya dubi tabaraun, ya dubi takardar da ke hannunsa.

"Wancan Nuhun ya rasu," ya ce. "Ni mai albasa ne. Za ka saya?"

Saurayin ya sayi ɗauri ɗaya don kunya, ya koma mota.